Baƙo Raɓa Ne, Amma Ina Zai Kwana? Darasin Kanada Ga Anka, Gummi Da Bukkuyum

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, wato kwana zai yi ya wuce. Wannan magana tana da sharaɗin da ba kasafai muke ambatonsa ba, shi ne cewa baƙon yana da gidan da zai koma. A yammacin Jihar Zamfara, musamman a garuruwan Anka, Gummi da Bukkuyum, akwai dubban baƙin da wannan sharaɗi ya faɗi a kansu. Sun shigo da niyyar yin mako guda ko wata guda kafin ƙura ta lafa a ƙauyukansu, ga shi wasu daga cikinsu sun haura shekara biyar. An haifi yara a zaman baƙuncin, sun yi wayo, wasu ma sun isa shiga makaranta ba su taɓa ganin gonar ubansu ba. Abin da nake son mu duba a yau shi ne tsawon lokacin da karimcin masu masauki zai iya ɗaukar wannan nauyi shi kaɗai, ba tare da hukuma ta ƙara ɗaki ko guda ba.

Domin amsa wannan tambaya zan ɗauki mai karatu zuwa ƙasar Kanada. Na san wani zai ce ina dalilin haɗa ƙasar da take cikin mafiya arziki a duniya da ƙananan hukumomi uku da ke fama da 'yan bindiga. Dalilin shi ne, Kanada ta daɗe tana auna ra'ayin jama'arta game da baƙi shekara bayan shekara, saboda haka a can ana iya ganin lokacin da zuciyar mai masauki ta fara juyawa, da abin da ya juya ta. Mu a nan ba mu da irin wannan ma'auni, amma ɗan Adam ɗaya ne ko'ina, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tun daga shekarar 1967 Kanada take zaɓen baƙinta ta hanyar ba da maki bisa ilimi, sana'a, shekaru da iya harshe. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa kashi 23 cikin 100 na mazauna ƙasar baƙi ne da suka zo daga waje, wato kusan mutum guda cikin kowane huɗu. A lokacin da siyasar ƙin baƙi take ƙara ƙarfi a Turai da Amurka, mutanen Kanada alfahari suke yi da cewa su ba haka suke ba. A 2022, lokacin da Cibiyar Environics ta yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a da ta saba yi, kashi 27 cikin 100 ne kacal suka ce baƙin da ke shigowa sun yi yawa.

Daga nan sai al'amura suka sauya cikin gaggawa. Bayan annobar korona gwamnatin Justin Trudeau ta ƙara buɗe ƙofa, ta tsara karɓar mutum 500,000 a shekara a matsayin mazauna na dindindin, ban da ɗalibai da ma'aikatan wucin gadi waɗanda babu iyaka ga adadinsu a lokacin. A watan Yunin 2023 yawan jama'ar ƙasar ya haura miliyan 40, kuma a wannan shekarar kaɗai an samu ƙarin mutum fiye da miliyan guda, kusan dukkansu daga waje. Gine-gine kuwa ba su bi sawu ba. Hukumar gidaje ta ƙasar ta riga ta yi gargaɗin cewa ana buƙatar ƙarin gidaje miliyan uku da rabi kafin 2030, a kan waɗanda aka saba ginawa, idan ana son muhalli ya dawo daidai ƙarfin mai matsakaicin albashi. Kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, matasa masu aikin yi suka kasa fita daga gidan iyayensu. A tsakiyar 2023 an ga masu neman mafaka, da yawansu 'yan Afirka, suna kwana a gefen titi a birnin Toronto saboda gidajen kwanan marasa galihu sun cika, kuma a watan Nuwamban shekarar wani ɗan Nijeriya ya rasu a cikin tanti a ƙofar ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje a garin Mississauga.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Waɗanda ke cewa baƙi sun yi yawa suka tashi daga kashi 27 a 2022 zuwa 44 a 2023, sannan zuwa 58 a 2024, adadin da rabon a ga irinsa tun 1998. Da aka tambaye su dalili, abin da ya fi fitowa daga bakinsu shi ne tsadar gidaje da ƙarancinsu, kuma mafi rinjayensu ba su daina yarda cewa baƙi suna amfanar tattalin arzikin ƙasar ba. Amma akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi. A shekarar 2024 an ga ƙaruwar masu zargin cewa da yawa daga masu neman mafaka ba na gaskiya ba ne, da masu cewa baƙin ba sa rungumar ɗabi'un ƙasar. Ke nan kukan da ya fara a kan ɗaki ya soma komawa kan halin baƙon da asalinsa. Wannan ita ce gaɓar da ta fi damuna, domin ƙarancin ɗaki ana maganinsa da tubali, shi kuwa zargi idan ya yi saiwa ba ya jin magani da wuri.

Gwamnatin Kanada ta ji kukan. A watan Janairun 2024 ta ƙayyade yawan takardun izinin karatu da za ta bai wa ɗaliban waje, matakin da ya taɓa iyalai da dama a nan Nijeriya da suka yi tanadin tura 'ya'yansu can. A watan Oktoba kuma ta rage adadin mazauna na dindindin daga 500,000 zuwa 395,000 a 2025, da 380,000 a 2026. Duk da haka farin jinin Trudeau ya ci gaba da zubewa, har jam'iyyar adawa ta masu ra'ayin riƙau, ƙarƙashin Pierre Poilievre, ta ba jam'iyya mai mulki ratar fiye da kashi 20 a ƙuri'un jin ra'ayi. A ranar 6 ga Janairun 2025 Trudeau ya bayyana cewa zai sauka.

To, a nan ne zaɓen maƙwabta ya shigo. A watan Nuwamban 2024 Amurkawa suka sake zaɓen Donald Trump, wanda ya ɗora wa kayan Kanada harajin fito, yana kuma maimaita cewa gara ƙasar ta zama jiha ta 51 a Amurka. Da yake wajen kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada ke fitarwa Amurka suke zuwa, sai hankalin masu zaɓe ya koma kan wanda zai iya tsaya wa ƙasar a gaban maƙwabciyarta. A zaɓen 28 ga Afrilun 2025 jam'iyyar da kowa ya yanke wa ƙauna ta dawo mulki ƙarƙashin Mark Carney, shi kuwa Poilievre har kujerarsa ta majalisa ya rasa a ranar, sai daga baya ya koma ta zaɓen cike gurbi. Hayaniyar maƙwabci ta sauya wanda ya ci zaɓe, amma ba ta gina ɗaki ko guda ba. Sai da sabuwar gwamnatin ta koma kan batun, ta kafa hukumar gina gidaje ta musamman a watan Satumban 2025, ta kuma ci gaba da taƙaita shigowar baƙi.

Yanzu mu dawo gida. Baƙin farko a yammacin Zamfara 'yan ƙasa ne, manoma da makiyaya da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu. Tun a 2019 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta ba da labarin iyalan da suka fake a ginin sabuwar fadar Sarkin Zamfaran Anka da ba a kammala ba. A farkon watan Janairun 2022 an kai munanan hare-hare a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200, Ma'aikatar Jinƙai ta Tarayya kuma ta ce fiye da mutum 10,000 ne suka rasa matsuguni. Waɗannan mutane ba sansani suka nufa ba, domin mafi yawan masu gudun hijira a Arewa maso Yamma a cikin jama'a suke zaune. Wanda yake da ɗan'uwa ya raɓu da shi, wanda ba shi da kowa ya nemi kango, ko zaure, ko ajin makaranta, ko rumfar kasuwa. Ana cikin haka, a watan Agustan 2024 ambaliya ta rushe gidaje a Gummi ta raba dubban mutane da muhallinsu, wato garin da ke saukar baƙi shi ma ya wayi gari da 'ya'yansa suna neman wurin kwana.

Baƙi na biyu su ne waɗanda zinare ya kawo. Mai karatu bai manta da 2010 ba, lokacin da aka gano gubar dalma a ƙauyukan Dareta, Abare, Sunke da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, inda yara wajen 400 suka rasu. Musabbabin wannan bala'i shi ne daka dutsen ma'adini da niƙa shi a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Wato tun asali matsalar muhalli ce, ta rashin raba wurin kwana da wurin sana'a. A watan Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, ta kuma umarci baƙi 'yan ƙasashen waje su bar wuraren haƙar. A 2020 an kama wasu 'yan ƙasar Sin biyu a yankin Bukkuyum bisa zargin karya wannan doka. A watan Disamban 2024 aka ɗage haramcin. Duk wanda ya san yadda zinare ke kiran mutane ya san cewa ma'aikata da dillalai za su ci gaba da kwararowa, kuma su masu kuɗi ne a hannu. Idan mai kuɗi da ɗan gudun hijira suka nemi ɗaki guda, ba sai an faɗa wa kowa wanda mai gidan haya zai bai wa makulli ba.

Abin takaici shi ne muna tafiya ne a cikin duhu. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ita ce ta 2006, wadda ta ba Anka mutum kusan 142,000, Gummi kusan 205,000, Bukkuyum kuma kusan 212,000. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. A tsakanin nan an kwashe ƙauyuka sukutum sun koma cikin gari, amma rijiyoyin burtsatse, ajujuwa, gadajen asibiti da makewayai duk a kan tsohon lissafi aka yi su, idan ma an yi. Hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ƙoƙarin ƙiyasta yawan masu gudun hijira a yankin, kuma aikin nata yana da amfani. Sai dai ƙiyasin baƙi daban, sanin halin da mai masauki yake ciki daban. Wa ya taɓa zama ya tambayi magidanci a Anka, wanda ya saukar da iyalai biyu a gidansa shekara uku, yadda rumbunsa yake, da abin da yake ji a ransa?

Ni a ganina mutanen waɗannan garuruwa sun yi abin da ko ƙasashe masu arziki ba su yi ba. Sun buɗe ƙofa ba tare da tambayar takarda ba, sun raba tuwo, sun ba da aron gona. Gaskiya ne shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma wanda zai shekara a gidanka dole wata rana a nemo tabarmar, a nemo inda za a shimfiɗa ta. Gajiyar mai masauki tana da alamomin da kowa ya sani. Ana fara ta da cacar baki tsakanin mata a bakin famfo, da tsegumi idan motar kayan agaji ta zo ta raba wa baƙi ta tsallake mai gidan da ya ciyar da su. Daga nan sai a fara cewa tun da mutanen nan suka zo sata ta yi yawa. Matakin ƙarshe, kuma mafi haɗari a yankin da ke cikin rikici, shi ne kalmar infoma. Babu mai musun cewa 'yan bindiga suna da masu kai musu labari a cikin garuruwa, amma ranar da wannan kalma ta zama sunan da ake kiran duk wanda ya zo daga daji, musamman Bafulatanin da shi ma aka kore masa shanu aka ƙone masa ruga, to ranar mun buɗe wa kanmu sabon fagen faɗa a cikin gari. A Kanada zargi ya tsaya ne a akwatin zaɓe. A wurinmu yana iya ƙarewa da gora da bindiga.

Tarihin Zamfara kansa yana da abin cewa a nan, kuma fuska biyu gare shi. Labarin baka ya nuna cewa Gobirawa a matsayin baƙi suka sauka a ƙasar Zamfara, aka ba su wurin zama inda Alkalawa ta kafu, daga bisani a cikin shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi. Mai son tsoratar da jama'a game da baƙo zai iya tsayawa a nan. Amma labarin bai ƙare ba. Gidan sarautar Zamfara ya yi shekaru yana ƙaura daga wannan gari zuwa wancan kafin ya samu matabbata a Anka a farkon ƙarni na 19. Ashe ke nan darajar da Anka take da ita a yau, ta zama mazaunin Sarkin Zamfara, daga saukar waɗanda yaƙi ya raba da garinsu ta samo asali. Garin da yake da irin wannan tarihi ya fi kowa cancantar a taimaka masa ya riƙe baƙinsa cikin mutunci.

Akwai babban bambanci tsakaninmu da Kanada wanda bai kamata a tsallake ba. Ita tana da hanyoyi biyu a hannunta, rage masu shigowa da ƙara gine-gine, kuma ta fi gaggawar bin ta farko domin ita ce mai sauƙi. Shugaban ƙaramar hukumar Anka ko Gummi ba shi da ƙofar da zai rufe. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama a ƙasar, balle wanda ya gudo da ransa cikin dare da goyo a baya. Hanyar rage kwararar mutane ita ce dawo da tsaro a ƙauyuka, wanda shi ne babban aikin da ke kan Gwamnatin Tarayya da ta jiha. Kafin a kai ga haka, hanya guda ce ta rage mana, ita ce faɗaɗa garuruwan da ke karɓar jama'a. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala kan kare masu gudun hijira na cikin gida tun 2012, kuma ta amince da manufar ƙasa kan wannan batu a 2021. Saboda haka ba alfarma ake roƙo ba, alkawari ne ake tunatarwa.

Mu ma muna da maƙwabciyar da siyasarta ke shigowa har cikin tukunyarmu. Ko da yake ƙananan hukumomin nan uku ba su yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ba, dabbobi da hatsi da 'yan cin rani da suke ratsa Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko Jibiya zuwa Maraɗi, su ne suke taɓa farashi a kasuwanninmu. A watan Fabrairun 2021 Mohamed Bazoum ya kayar da Mahamane Ousmane a zagaye na biyu, aka yi miƙa mulki na farko daga zaɓaɓɓen shugaba zuwa wani a tarihin ƙasar. A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da shi. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki, har aka yi barazanar yaƙi. A nan ne aka ga ƙarfin ra'ayin jama'ar Arewa, inda sarakuna, malamai, 'yan kasuwa da sanatoci suka ce ba za a yaƙi dangi ba, kuma ba a yi ba. An janye takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a watan Janairun 2025.

Wannan dambarwa ta shafi batunmu ta hanyoyi biyu. Ta farko, tun daga 2019 dubun-dubatar mutanenmu daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi neman mafaka. Duk tsamin dangantaka tsakanin Abuja da Yamai yana iya ƙuntata musu, kuma idan suka dawo ba ƙauyukansu za su nufa ba, garuruwan da suka riga suka cika za su ƙara wa nauyi. Ta biyu, akwai abin koyi a yadda aka saukar da su. Hukumomin Nijar da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun kwaso wasu daga bakin iyaka suka zaunar da su a jikin ƙauyukan Garin Kaka, Ɗan Dajin Makau da Cadakori, aka ba su filaye, aka kuma samar da ruwa, makaranta da asibiti waɗanda baƙi da 'yan gari ke amfana da su tare. Hikimar ita ce a sa mai masauki ya ga cewa zuwan baƙo ya jawo masa alheri. Idan ƙasar da ta fi mu ƙarancin kuɗi ta yi wa 'yan ƙasarmu haka, mene ne uzurinmu a kan namu?

Na san akwai masu cewa yanka wa 'yan gudun hijira filaye a gari tamkar miƙa wuya ne, wato an sallama wa 'yan bindiga ƙauyuka da gonaki. Wannan damuwa ce mai tushe, domin ƙasar da aka bari babu kowa ita ce ɓarayi ke mayarwa sansani, kuma abincin da birni ke ci daga can yake fitowa. Amma barin mace da 'ya'yanta a kango ba ya ƙwato ƙauye ko guda. Magidancin da iyalinsa ke da ɗaki mai ƙofa a Bukkuyum shi ne zai iya ƙarfin halin zuwa gona da rana ya dawo da yamma idan hanya ta yi kyau. Wanda ya rasa komai kuwa, Gusau ko Sakkwato ko Kano zai wuce, matarsa ta shiga bara, shi kuma ya yi sallama da noma har abada. Kusantar da mutum ga gonarsa cikin mutunci shi ne matakin farko na mayar da shi gida.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata a yi. Da farko a ƙirga. Hakimai, dagatai da masu unguwanni sun san wanda ya sauka a kowane gida, kuma da taimakon hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha za a iya buɗe rajista a kowace mazaɓa, wadda za ta ƙunshi baƙi da kuma gidajen da suka sauke su. A cikin wannan rajista a rubuta gonaki da gidajen da kowa ya baro, da shaidar dagacinsa, domin kada ranar komawa ta zama ranar sabuwar husuma a kan iyakar gona.

Na biyu, a yanka filaye. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin zama a filayen karkara. Gwamna Dauda Lawal da majalisun sarakunan Anka, Gummi da Bukkuyum suna da ikon ware unguwanni a gefen manyan garuruwa, har da Nasarawar Burkullu, a biya masu gonakin diyya ta gaskiya, a fitar da tituna da magudanai kafin a kafa tubali. A Gummi a nisanci kwarin da ruwa ke bi. A Anka da Bukkuyum a gwada ƙasar saboda dalma, a kuma ware wurin sarrafa ma'adini nesa da gidaje, kada a maimaita abin da ya faru a 2010.

Na uku, a yi gini daidai ƙarfinmu. Tun da buhun siminti ya haura Naira 10,000 a farkon 2024, duk tsarin da ya dogara da bulo da siminti zalla gidaje ƙalilan zai samar, waɗanda a ƙarshe masu uwa a gindin murhu za su raba a tsakaninsu. Maginanmu sun iya ginin jar ƙasa tun kaka da kakanni. Abin da yake buƙata shi ne tushe mai ƙarfi da ruwa ba zai ci ba, da rufin kwano, da makewayi mai kyau. A ba iyali fili da kwano da katako, su da 'yan gari su yi aikin a biya su lada. Shirin sake tsugunar da waɗanda rikici ya shafa da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a Tudun Biri a 2024 ya sanya Zamfara cikin jihohin da za su amfana, kuma haƙƙin wakilanmu ne a Majalisar Tarayya su bayyana wa jama'a kason yammacin jihar a ciki.

Na huɗu, duk agajin da zai shigo a raba shi da mai masauki. Rijiya, aji da ɗakin shan magani su kasance na unguwa baki ɗaya. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ba jama'a hujjar tambayar shugabanninsu abin da suka yi wa waɗannan unguwanni. Na biyar, a riƙa jin ta bakin jama'a. Jami'ar Tarayya ta Gusau da manyan makarantun Talatar Mafara suna da malamai da ɗaliban da za su iya zagayawa sau ɗaya a shekara da tambayoyi ƙalilan, kan kuɗin haya, yawan masu kwana a ɗaki, layin ruwa, da yadda baƙo da ɗan gari ke kallon juna, su buga sakamakon kowa ya gani. Kanada ta gane ciwonta ne saboda tana aunawa.

Kira na na ƙarshe ga mu ne, 'yan boko, injiniyoyi, safiyo, likitoci, lauyoyi da manyan ma'aikata 'yan asalin waɗannan garuruwa da ke zaune a Gusau, Kaduna da Abuja. Da yawanmu muna da gidaje a kulle a gida waɗanda sai da salla ake buɗewa, da fulotan da muka kewaye muna jiran su yi tsada. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu za su iya tsara yadda za a ba da aron irin waɗannan wurare bisa rubutacciyar yarjejeniya, masu ilimin tsara gari kuma su zana taswirar sababbin unguwanni kyauta. Sannan ga zaɓen 2027. 'Yan takara za su zo da zancen tsaro, da na jam'iyya, da na wanda ya ci amanar wane, kamar yadda zancen Trump ya mamaye zaɓen Kanada. Haƙƙinmu ne mu tsare kowane mai neman kujera, daga kansila har sanata, da tambaya guda: filaye nawa, ɗakuna nawa, rijiyoyi nawa, a wace unguwa, kuma zuwa yaushe? Mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum sun sauke nasu nauyin tun tuni, saura hukuma da mu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.